Ruwan sanyi ya zame min abin tsoro, wa ya san maganin haƙorin nan?

Sani_Mile12: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah a taimaka min da shawara. Tun kafin azumin da ya wuce, duk sanda na kurɓi ruwa mai sanyi sai in ji wani abu ya tsarga min a haƙori, zirr, har tsakiyar kaina, kamar na taɓa wayar wuta. Ba ya daɗewa, ina haɗiye ruwan yake ɗaukewa. Gefen hagu ne ta sama, wajen fiƙa da na bayanta. Na duba a madubi, ba rami, ba baƙi, ba kumburi. Kun dai san zafin Legas, mu da muke wuni a kasuwa ana sauke albasa ba yadda za a yi mutum ya haƙura da fiya wata mai ƙanƙara. Yanzu sai in saya in ajiye ledar a gefe ta huce, yarana suna ta yi min dariya. Wani ya ce tsutsa ce, wani ya ce sanyi ne ya kama ni. Wanda ya taɓa fama da irin wannan ya faɗa min abin da ya yi.

Ɗan_Kurmi: Wa alaikumus salam. Tsufa ne Malam Sani, ka rungumi ƙaddara ka koma ruwan randa 😂

Sani_Mile12: Wane tsufa, ni da ko arba'in ban yi ba.

Baba_Agege: Sani, ka nemi kanumfari ƙwaya biyu ko uku, ka ɗan tattauna ka danna shi a gefen, ka bar shi ya jima. Kafin ka idar da sallar isha'i ka manta da zancen. Mu da muka zo Ikko tun molue na yayi, da asuwaki muka tashi, ba mu san wannan ciwon naku ba. Ku ne kuka ɗauko burushi da lemon kwalba, ga shi nan kuna gani.

Ummu_Hanifa: Sannu Malam Sani, Allah ya ba da lafiya. Ka riƙa kuskure baki da ruwan ɗumi da ɗan gishiri safe da dare. Ni yana yi min.

Direban_Apapa: Ɗan'uwa kar ka yi wasa da shi. Nawa ma haka ya fara, da ruwan sanyi. Muna layin shiga tashar jirgin ruwa, ka san yadda ake kwana a mota, ba mabuɗin kwalba, da haƙori nake ɓalle murfi. Ashe turmin ya tsage, tsagin da ido ba ya gani. Da farko sai na sha sanyi, daga baya in na tauna tsire sai in ji ya sare ni lokacin da nake sakin cizon. Ƙarshe ya koma zugi da daddare, kumatuna ya haye. Da na je asibiti likita ya ce tsagin ya gangara har saiwa, ba abin da za a yi sai cirewa. Yau ga giɓi nan ina yawo da shi.

Sani_Mile12: Subhanallahi. Direba ka tayar min da hankali wallahi.

Likitar_Gobe: Yaya Sani kwantar da hankalinka, abin da ka faɗa da abin da Direba ya faɗa ba lallai su zama abu ɗaya ba. Ina karatun likitancin haƙori ne, bari in yi bayani gwargwadon abin da muke gani a asibiti.

Haƙori hawa uku ne. Farin ɓawon da muke gani a waje shi ake kira inamel, shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, ya fi ƙashi, kuma ba shi da jijiya, shi ya sa ba ya jin komai. Matsalarsa ɗaya, in ya cinye ba ya sake tsirowa. A ƙarƙashinsa akwai dentin, mai ɗan ruwan ɗorawa, wanda ke cike da ƙananan hanyoyi dubbai da ido ba ya iya gani, kowace da ɗan ruwa a cikinta, kuma dukansu sun nufi tsakiyar haƙori inda jijiya da jini suke. Muddin ɓawon nan da dasashi sun rufe dentin, lafiya lau. Da zarar ya buɗe, in sanyi ya taɓa wurin sai ruwan cikin hanyoyin ya motsa da sauri, jijiya ta amsa. Wannan shi ne zirr ɗin da kake ji. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Martin Brännström, shi ya fito da wannan bayanin tun shekarun 1960, kuma har yau a kansa ake koyar da mu.

Yadda ake rarrabewa: in zafin na ɗan daƙiƙoƙi ne, sanyi na gushewa shi ma ya gushe, galibi buɗewar dentin ce. In kuwa ya zauna yana zugi bayan an daina shan sanyin, ko ya tashe ka daga barci, ko shayi mai zafi ya tayar da shi, ko in ka ciza abu ya sara, to jijiyar ce da kanta ta kumbura, ko akwai rami ko tsagi. Wannan kam ba makilin da zai warkar da shi.

Tambayata: da wane hannu kake goge baki, wane irin burushi, kuma ban da makilin akwai abin da kake gogawa?

Sani_Mile12: Da dama mana. Burushi kuma mai tauri nake saya, wanda ake cewa na masu shan taba, don mai laushin nan ba na jin ya fitar da komai. Ina cin goro, to saboda kar haƙora su yi ja nakan daka gawayi da gishiri in dirje su duk Juma'a, wani lokaci in matsa lemun tsami a kai. Kuma fa yana sa su fari tas.

Likitar_Gobe: To Yaya, ga amsar nan ka kawo da kanka. Mai goge baki da dama ya fi danna burushi a gefen hagu, kuma fiƙa da haƙoran da ke bayanta su suka fi turowa waje, su burushi ya fi ci. Wuyan haƙori, wato inda ya haɗu da dasashi, nan ne ɓawon ya fi siranta. Saiwa kuwa ba ta da inamel ko kaɗan, wani ɗan rufi ne mai laushi a kanta wanda ba ya jure dirza. Lemun tsami ya tausasa wurin, gawayi da gishiri su kankare, burushi mai tauri ya tura dasashi ya ja baya. Ka sa farce a hankali a wuyan haƙorin, mai yiwuwa ka ji ɗan kwari kamar an sassaƙa.

Sani_Mile12: Ikon Allah. Wallahi akwai shi, yanzu na taɓa har sai da na zabura.

Ɗan_Kurmi: Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Hajiya_Obalende: Ni fa ban yarda da zancen gawayin nan ba. Kakata da gawayi ta yi ta goge baki har ta koma ga Allah, ta haura tamanin, haƙoranta talatin da biyu cif, tana tauna aya.

Auwal_Canji: Hajiya, kakarki ta sha Coke nawa a rayuwarta? Mu nan kafin azahar wani ya shanye kwalba biyu da burodin Agege.

Hajiya_Obalende: To wannan kuma gaskiya ne, ko shayi ba ta sa wa sukari.

Likitar_Gobe: Abin da Malam Auwal ya faɗa shi ne rabin maganar. Akwai ma'aunin tsami da ake kira pH, ruwa yana kan 7, duk yadda lambar ta yi ƙasa tsamin ya ƙaru. Ɓawon haƙori yana fara narkewa ne daga wajen 5.5 zuwa ƙasa. Baƙin lemon kwalba yana wajen 2.5, ruwan lemun tsami ma a nan yankin yake. Har wanda aka rubuta ba sukari a jikinsa tsaminsa na nan. Ku ƙara da su tsamiya, agwaluma in lokacinta ya zo, ɗanyen mangwaro, da zoɓo.

Ummu_Hanifa: A'a, ƙanwata, tsaya nan. Ki bar zoɓo ya huta, da shi nake biyan kuɗin makarantar yara a Idi-Araba. Zoɓon da ake cewa yana da amfani ga jiki shi ne yau ya zama mai cin haƙori?

Likitar_Gobe: Anti ki yi haƙuri, ban ce a daina sha ba, ni ma ina sha. Amma ke kin fi ni sanin tsaminsa kafin ki zuba sukari, balle in an sa abarba. Yadda ake shan ne matsalar. Wanda ya shanye gora ɗaya a kan abinci ya kora da ruwa, yawu zai gyara bakin. Wanda ya riƙe gorar yana kurɓa kaɗan-kaɗan tun daga Oshodi har Ajah a cikin cunkoso, haƙoransa awa biyu suna jiƙe a tsami. Kuma kar a goge baki nan take bayan an sha abu mai tsami, a jira kamar rabin awa zuwa awa ɗaya, don a lokacin ɓawon ya yi laushi.

Ummu_Hanifa: Yawwa, yanzu kika yi magana. Su shanye su sayi wata.

Malam_Idi_AlabaRago: Ina so in koma kan maganar Baba_Agege. Asuwaki sunna ne, kuma hadisin sananne ne, Manzon Allah (SAW) ya ce ba don kada ya tsananta wa al'ummarsa ba da ya umarce su da yin asuwaki a kowace sallah. Ni ban ga dalilin da zai sa a bar shi a kama roba ba. Ko maƙwabtanmu Yarabawa da sassafe za ka ga dattijo da pako a baki.

Likitar_Gobe: Malam, Allah ya ƙara ilimi, ba mai hana asuwaki. Yana fitar da dattin haƙori sosai in an iya amfani da shi. Sai dai a tauna bakinsa ya yi laushi tukuna, a riƙa yanke tsohon kan, kuma a goga daga dasashi zuwa bakin haƙori, ba a yi ta zarto gefe da gefe ba. Muna ganin dattawa masu asuwaki da dasashinsu ya ja baya saboda itacen ya bushe kuma suna dannawa da ƙarfi. Abin da asuwaki ba zai ba Yaya Sani ba shi ne maganin da zai toshe hanyoyin nan da suka riga suka buɗe.

Baba_Agege: 'Yar nan, kin iya magana, amma ba ki ce komai a kan kanumfarina ba.

Injiniya_Yaba: Baba, Allah ya ƙara girma, a wannan kam kimiyya tana bayanka. A 2021 wasu masu bincike sun gano cewa ƙwayoyin halittar da ke jere a bakin dentin ta ciki suna da wata 'yar ƙofa mai suna TRPC5 da ke jin sanyi ta aika wa jijiya. A kan ɓeraye suka yi gwajin. Kuma sinadarin da ke cikin man kanumfari, yujinol, yana toshe wannan ƙofar. Likitocin haƙori ma sun daɗe suna amfani da shi a cikon wucin gadi, shi ne ƙamshin nan da kake ji in ka shiga ɗakinsu.

Baba_Agege: To kun ji. Sai da Bature ya gwada a ɓera sannan za ku yarda.

Likitar_Gobe: Na yarda Baba 😄 Amma yana kwantar da zafi ne na ɗan lokaci, ba ya mayar da abin da ya cinye, ba ya cike rami. Kuma man kanumfari zalla in aka zuba a dasashi yana ƙona shi.

Uwar_Tagwaye: Ni nawa da cikin tagwaye ya zo. Laulayi ya sa ni amai ba dare ba rana, kuma duk na yi amai sai in ruga in goge baki saboda ɗacin. Bayan na haihu ko iskar fanka ta shiga bakina sai na ji a haƙoran gaba. Surukata ta ce ai dama kowane ciki da haƙorin da yake tafiya da shi, jariri ne ke zuƙe ƙarfinsa. A asibiti kuma aka ce min ba haka ba ne, ruwan cikin da ke fitowa da amai ne ya cinye bayan haƙoran, gogewar da nake yi nan take ta ƙara. Suka shafa min wani magani mai danƙo, suka ce kar in ci abu mai tauri ko mai zafi sai an jima. Na samu sauƙi sosai. Masu ƙwannafi ma ku lura, likitan ya ce abu ɗaya ne, musamman mai taso wa mutum yana barci.

Auwal_Canji: Tunda an zo maganar asibiti, ni ina da ƙorafi. Lafiyata ƙalau na je aka yi min wankin haƙori a wani asibitin kuɗi, na dawo ruwan alwala ma ba na iya kuskurewa, ga wasu ƙofofi sun buɗe tsakanin haƙoran ƙasa. Tun daga nan na ce ni da wankin haƙori har abada. Sani ka yi hattara kar su ce za su wanke maka.

Nas_Rabi: Malam Auwal, ƙofofin nan dama suna nan, dattin da ya daskare ya zama dutse ne ya cike su. Shi ne yake cin dasashi da ƙashin da ke riƙe haƙori a hankali ba tare da ka ji zafi ba. Da aka ɓamɓare shi sai wurin da ya rufe ya fito fili, dole ka ji sanyi. Yawanci cikin kwanaki zuwa 'yan makonni yake lafawa. Yanzu kana jin sa?

Auwal_Canji: Ya daina gaskiya. Amma dai na sha wuya, kuma ba wanda ya gargaɗe ni kafin a fara.

Nas_Rabi: A nan kana da gaskiya, ya kamata a faɗa maka.

Ɗan_Kurmi: Ni kuwa jiya a danfo daga Mile 2 wani mai talla ya tashi da 'yar kwalba, ya ce digo ɗaya tsutsar za ta fito ka gan ta da idonka. Har da hoton tsutsar a jikin kwali. Mutum uku suka saya.

Nas_Rabi: Don girman Allah ku bar waɗannan. Babu wata tsutsa a haƙori. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani suke cin sukarin da ya maƙale, su fitar da tsami, tsamin ya huda haƙori. Mun ga wanda ya danna ƙwayar asfirin a dasashi ya kwana da ita, wurin ya yi fari ya saɓule. Mun ga wanda ya ɗiga ruwan batir. In irin waɗannan suka sa zafi ya ɗauke, sau da yawa jijiyar ce ta mutu, ƙwayoyin cutar kuma suna nan, sai a dawo da kumburi. Duk abin da za ka sa a baki ka duba lambar NAFDAC ko da makilin ne, jabu ya yi yawa a kasuwa.

Sani_Mile12: Na gode ƙwarai jama'a. To yanzu ni me zan yi takamaimai? Kun san mutumin kasuwa, a faɗa min abin da zan saya.

Likitar_Gobe: Ka ajiye gawayi, gishiri da lemun tsami. Ka sayi burushi mai laushi, ka riƙe shi da yatsu ba da dunƙulen hannu ba, minti biyu safe da dare. Ka nemi makilin na masu jin sanyi, irin su Sensodyne ko Colgate Sensitive, ka juya bayan kwalin ka duba. Wasu suna da potasiyam naitiret, shi jijiyar yake kwantarwa, wasu kuma suna da sinadarin da ke toshe bakin hanyoyin. Ka tabbata akwai fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon haƙori. Na manya yakan kasance tsakanin 1350 zuwa 1500 ppm, wato ma'aunin yawansa a makilin, galibi za ka ga an rubuta 1450. In ka gama gogewa ka tofar kawai, kar ka kuskure da ruwa, don in ka kuskure ka wanke maganin. Da daddare ka ɗan lakato ka shafa a wuyan haƙorin ka kwanta. Duk da haka ka je a duba, tunda ka ce akwai kwari. Rami tsakanin haƙora biyu ba ya fitowa a madubi, sai an ɗauki hoto.

Direban_Apapa: Abin da nake faɗa ke nan tun farko. Ka je.

Sani_Mile12: Ina ake zuwa wanda ba za a yanke ni ba? Kasuwa ba ta tafiya.

Nas_Rabi: Asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba suna da sashen haƙori, na LASUTH a Ikeja ma haka, kuma manyan asibitocin jiha da dama suna da shi. Na gwamnati ya fi sauƙin kuɗi, sai dai ka yi sammako ka ware ranar gaba ɗaya. Daga Mile 12 ka hau BRT tun da asuba kafin hanyar Ikorodu ta cushe.

Hajiya_Obalende: In za ka je ka tafi da haƙurinka, layi ne.

Mai_Shayi_Ketu: Salam, yanzu na karanta duka. Nawa daban ne. Ruwan sanyi ma daɗi yake min, in na guntse shi zafin yana lafawa. Shayi ne ba na iya sha, ni da nake sayar da shi. Kuma in na kwanta sai ya yi ta bugawa har kunne. Wannan makilin zai yi min?

Likitar_Gobe: A'a Malam, naka ba na makilin ba ne. Zafi ya tayar, sanyi ya kwantar, ga bugawa da daddare, alamar jijiyar ta kumbura sosai ke nan. Ka je gobe in Allah ya kai mu. In an yi da wuri ana iya cire jijiyar a cike gurbin, haƙorin ya zauna a bakinka. In ka ga fuska ta kumbura, ko zazzaɓi, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya ta yi wuya, kar ka jira gari ya waye, ka tafi sashen gaggawa.

Mai_Shayi_Ketu: To, Allah ya sa mu dace. Zan bar wa yaro teburin.

Sani_Mile12: Jama'a na dawo. Na sayi makilin ɗin da burushi mai laushi, kwana biyun nan ina yi, amma ɗazu na gwada fura da yogot mai sanyi sai da na riƙe kai. Anya ba kuɗina aka ci ba?

Uwar_Tagwaye: Haba Malam Sani, ai ba allura ba ce. Ni sai da na yi wajen wata guda kafin in ji bambanci na sosai.

Likitar_Gobe: Ka ba shi mako biyu zuwa huɗu, kuma kullum, ba ranar da ya motsa kaɗai ba. In ka daina yakan dawo. In an wuce haka ba sauƙi, a asibiti za su iya shafa maka fuloraid mai ƙarfi irin na Uwar_Tagwaye, ko su cike kwarin da ciko mai launin haƙori. Ka je kuwa?

Sani_Mile12: Motar albasa ce ta shigo daga Aliero, sai na sallame ta. Amma wata tambayar, goron fa? Shi ma sai na bari?

Baba_Agege: Kai Sani, an hana ka gawayi ka yi shiru, an hana ka lemun tsami ka yi shiru, yanzu da bakinka kake miƙa musu goro? Ba wanda ya tambaye ka.

Auwal_Canji: Likita kar ki amsa wannan sai bayan Juma'a, na riga na sayi na sati.